Munduwar Otal

SHAFI NA 6

Masu tambayata a ƙasan shafin jiya me ya sa na tsallake ranar da labarin ya same ni, ba mantawa na yi ba. Hannuna ne ya ƙi rubutawa. Yau zan faɗa, don in ba ku ji ta ba, abin da ya faru a otal ba zai shiga kanku ba.

Da hantsi ne. Ina rumfata a hanyar tashar jirgin ruwa ta Kuala Perlis, na ɗora mai, na tsaga ayaba, na tsoma ta a ƙulli. Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba, yayata ce, Kak Yah.

"Odah, kina zaune?"

"Wa ke zama a gaban mai? Ina tsaye."

"Ki zauna."

"Ki faɗi abin da za ki faɗa, Kak, ayaba za ta ƙone min."

"Nazri ne. Babur ɗinsa ne ya kwashe shi. Allah Ya karɓi abinsa."

Ban zauna ba. Na ci gaba da juya ayabar nan har ta koma baƙa ƙirin, hayaƙi ya cika rumfa.

Na ce, "Ya sha wahala?"

"Nan take ne. Bai ma san abin da ya same shi ba. Kada ki taso, ga mu nan tafe da shi a jirgin rana."

Ga mu nan, ta ce. Ban tambaye ta yadda aka yi safiya ta same ta a tsibirin Langkawi inda yake aiki ba, ita da ke zaune a garin Kangar a wannan tsallaken. Mai irin wannan labari a kunne ba ya tambaya.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni na haifi Nazri. Ubansa masunci ne, ya fita teku bai dawo ba, yaron ko tafiya bai iya ba. Na tafi aikin kamfanin kifin gwangwani a Penang, na bar shi wurin Kak Yah, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Na ce na ɗan lokaci ne. Da na dawo bakinsa ya buɗe, yana ce mata Mak, wato uwa, ni kuma Mak Su, yadda ake kiran ƙaramar inna. Da ya yi wayo an faɗa masa gaskiya, amma baki ya riga ya saba. Ya girma, ya zama kuku a wani babban otal a Langkawi, ya mutu, ban taɓa jin Mak daga bakinsa ba.

A gidanta aka yi zaman makoki. Ita tana falo ana rungume ta ana mata gaisuwa, ni ina bayan gida ina wanke kofuna. Ranar sadakar arba'in wata mata ta zo daga ofishin otal ɗin. Ina ajiye mata shayi na ji tana ce wa Kak Yah, tana kiranta Makcik yadda ake kiran duk babbar mace a nan:

"Ɗakin da ya kama wa iyayensa bana yana nan, Makcik. Na mutum biyu ne, ci da sha duk a ciki. Manaja ya ce kada a soke."

Kak Yah ta ce, "Allah Ya saka da alheri. Ni kam ba zan iya ba."

Na ce, "Ni zan iya."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ke da teku, Odah?"

"Me ya rage wa teku ya yi min? Ina son in ga inda yaron yake tsayawa ya yi girki."

Da ta ga da gaske nake, sai ita ma ta iya.

To mu koma inda muka tsaya jiya, a gaban teburin karɓar baƙi.

Yarinyar teburin, Liyana aka rubuta a ƙirjinta, ta fito da munduwar roba guda biyu, koraye.

"Makcik, a nan wannan ce komai. Da ita za ki ci, da ita za ki sha, ko kwale-kwale kike so da ita za ki hau. Mai ita ba a tambayarsa kuɗi."

Ta ja hannuna ta ɗaura, ta matse, maɓallin ya ce ƙas.

Kak Yah kuwa tun kafin a ce mata ta janye hannun riga ta miƙa na hagu.

"Sassauta min, 'yar nan. Yadda yatsa biyu za su wuce."

Yarinyar ta yi murmushi. "Na tuna, Makcik."

Da muka juya na ce, "Me ta tuna?"

"Bakin ma'aikata ne. Kowa haka suke ce masa."

Na ƙyale ta. Amma ina lura. Otal ɗin nan lunguna ne kamar kasuwa, ga wurin ninƙaya a dama, ga wani a hagu, ga itatuwan kwakwa duk iri ɗaya. Kak Yah tana gaba ina baya, ba ta tsaya ta tambayi kowa hanya ba. Muka shiga ɗaki duhu, ina lalubar bango ina neman makunni, ita ta zura katin ƙofa cikin wani ɗan rami, wuta ta kawo, sanyi ya fara hurowa.

Na ce, "Ina kika koyi wannan?"

"A talabijin."

"Talabijin ɗinki na da ilimi. Nawa wasan kwaikwayo kawai yake nunawa."

"Odah, kada ki fara. Na gaji."

Azahar ta yi, na shiga alwala. Na wanke fuska, na zo hannu, sai ga munduwar nan ta lafe a fata kamar an haife ni da ita. Na tura sama, ta ƙi. Na sa sabulu, ta ƙi. Tun muna yara malaminmu ya sa mana a kai cewa duk inda ruwa bai taɓa ba, alwala ba ta cika ba. Ni da nake wa ɗana addu'a a kowace salla, in tsaya da alwala mai rami?

Na fito hannuna na ɗigar ruwa, na buɗe jaka, na ɗauko 'yar wuƙata ta tsaga ayaba. Duk inda za ni tana jakata.

Kak Yah na zaune bakin gado tana warware hijabin sallarta. Ta madubi na ga idonta a kaina. Ta ga na zura wuƙar. Ta ga na yanke. Ba ta ce uffan ba.

Na ƙulle yankakkiyar a hankici, na ajiye wuƙar a kan tebur, na yi sallata.

Ɗakin cin abincin ya fi masallacin unguwarmu girma. Tun daga nesa ake hango manyan tasoshi a jere, kaguwa, jatan lande, taliyar laksa mai romo, gasasshen kifi, kowa na ɗiba da kansa ba mai hararar sa. A ƙofa wani dogo ne mai gashin baki yake duba hannun mutane.

Yana ganin Kak Yah ya bar aikinsa. Ya kama hannunta da hannu biyu ya kai goshinsa.

"Mak ɗin Nazri. Mun yi rashi, mun yi rashi. Ki shiga, teburinki na nan a gefen taga. Shayi ba sukari, ko an canja?"

"Ba a canja ba, Sabri."

Har sunansa ta sani.

Ta wuce. Na bi bayanta, sai na ga hannu ya gitta a gabana.

"Makcik, hannu."

"Tare muke."

"Masu rakiya akwai wurinsu ta baya, gefen inda direbobi ke zama. Ana kai musu abinci can."

A bayana layi ya fara taruwa, Turawa da jar fata, da 'yan Kuala Lumpur da gilasansu a ka. Na kwance hankici na nuna masa.

Ya girgiza kai. "Yankakkiya ba ta shiga da mutum. Irin wannan ko a kwandon shara ana tsinta."

"Na yi maka kama da mai tonon shara? Salla na yi."

"To ai ba a yankewa, Makcik. Tun a tebur ake cewa a sassauta, ruwa ya riƙa wucewa ta ƙasa. Ga Makcik Rokiah nan, ita ce ma ta koya wa yaran teburin haka tun shekarun baya."

Na juya na dubi Kak Yah, don Rokiah ne cikakken sunanta. Tana ciki, har ta ɗauki faranti.

Na ce, "Kak, faɗa masa ko ni wacece."

"Ƙanwata ce, Sabri."

"Ƙanwarki kawai?"

"Odah, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai sun biya kuɗin komai, har da kallo."

Sai ga wani dattijo mai tumbi ya fito ta wata ƙofa, farar hula doguwa a kansa, yana goge hannu da tawul.

"Me ake yi a ƙofata kamar kasuwar kifi?"

Sabri ya fara bayani. Dattijon bai saurare shi ba, ni yake kallo. Ya matso, ya karkata kai.

"Wannan goshin na san shi. Shekara da shekaru yana tsaye gefena yana gumi." Ya nuna ni da yatsa. "Ke ce ta Kuala Perlis. Mai ayaba."

"Ni ce."

"Ashe dai kin tsallako."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ga dogon.

"Sauke hannunka, Sabri. Wannan ce ta haife shi."

Sunansa Pak Derus, shi ne babban kuku, a hannunsa Nazri ya koyi aiki. Ya aika aka kawo sabuwar munduwa, ya ɗaura min da kansa, ya zura yatsunsa biyu masu kauri ya gwada. Ya kai mu teburin gefen taga, ya ja kujera ya zauna ba a ce masa ba.

"Ranar gaisuwa na neme ki, aka ce min ba kya iya ganin mutane."

"Ina bayan gida ina wanke kofin da ka sha shayi."

Ya ɗan dubi Kak Yah. Ita shayinta take juyawa, shayin da ba sukari.

Ya juyo gare ni ya ce, "Kin ba yaron nan wahala, Makcik, ki yafe min faɗar gaskiya. Duk shekara otal na ba tsofaffin ma'aikata ɗaki su kawo iyayensu. Duk shekara na mutum biyu yake kamawa. Sai ya hana kowa taɓa ayabar da ta fi kyau, ya ce bana mai ayabar Kuala Perlis za ta zo, za ta nuna muku yadda ake suya, ku daina ɓata wa mutane mai. Ya ari motar otal ya tafi tasha. Ya dawo da Makcik Rokiah ita kaɗai. Ranar sai ya shige kicin ya yi ta saran albasa, ko gaisuwa ba ya amsawa."

Na ce, "Wa ya ce ba zan zo ba?"

"Ai cewa aka yi tun rasuwar mijinki ko sunan jirgi ba kya son ji. Ya ce min an gargaɗe shi kada ya kuskura ya yi miki maganar baki da baki, kuka yake sa ki. Sai dai ya ba da saƙo."

"Wa yake ba saƙon?"

Pak Derus ya sake duban Kak Yah. Ba sai ya amsa ba.

Nan take wata ƙaramar salla ta dawo min. Nazri ya zo rumfa da sabuwar rigarsa, ya zauna a benci yana cin ayaba da zafinta yana hura baki. Can ya ce, bai dube ni ba, "Mak Su, har yanzu ke da teku ba kwa shiri?" Ni na ɗauka hira ce. Na ce, "Ina ruwana da shi, ya yi harkarsa in yi tawa." Sai ya sunkuyar da kai, ya ajiye sauran ayabar. Na yi ta tunanin ko gishiri ne ya yi yawa.

Pak Derus ya share ido da tawul. "Ko a asibiti ma, da muke zaune da shi..."

Cokalin Kak Yah ya faɗi a ƙasa.

Ta ce, "Pak Derus, ana nemanka a kicin."

"Ba mai nemana."

"Na ce ana nemanka."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya miƙe a hankali, ya mayar da kujerar inda take, ya tafi.

Tunda nake ban taɓa zama gaban abinci irin wannan ba, kuma ko loma ban kai baki ba. Na miƙe. Na ji takunta a bayana. Wannan karon ni ce a gaba, kuma ban ɓata ba.

Ta rufe ƙofar ɗakin ta jingina da ita. Ta tagar baranda ana jin yara na ihu a bakin ruwa, wani na busa usur.

Na ce, "Kina kallona na yanke ta."

"Na ɗauka kin sani."

"Ƙarya kike, Kak."

"To ƙarya nake."

"So kike a tsare ni a ƙofa. So kike in ci da direbobi."

"So nake ki yi fushi ki koma gida kafin ki haɗu da wancan tsohon mai dogon baki."

"Sau nawa kika zo nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Sau nawa ya ce ki taho da ni?"

"Duk zuwan."

Ta faɗe shi ba ko ƙifta ido. Ta cire mayafinta ta jefa a gado, furfurarta ta bayyana.

"Kin gama? To ni ma ki saurare ni. Wa ya kwana a kansa yana ƙyanda? Wa ya goya shi zuwa makaranta ranar da ambaliya ta cinye hanya? Ke kina Penang. Kika dawo da jan takalmi ɗaya a leda, ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi."

"Aiki na je, ba yawo ba."

"Ban ce yawo ba. Amma kin san yadda salla take a gidana? Ya ci abincina yana kallon agogo, don ya je rumfarki ya zauna a benci kamar maraya. Duk abin da na dafa, Mak Su kan ƙara kurkur. Mak Su ba ta sa wannan. Na ce masa to ka koma can mana, sai ya yi dariya ya rungume ni. Ke kina ganin ni na samu. Kullum kina tsakaninmu, Odah, ko ba kya nan. Kwana biyun nan na otal kaɗai nake samunsa ba ke."

"Rabin kwanakin nawa ne."

"Ke kika ba ni shi."

"Ajiya na ba ki."

"Ajiya? Ajiyar da ke kuka da dare, ta yi haƙori, ta yi zazzaɓi? Sai ki je ki ajiye tukunya."

Na ce, "Ta gaban rumfata kike wucewa in za ki tasha."

"Ina sunkuyar da kai a tasi."

"Akwai shekarar da kika tsaya. Kika ce dubiya za ki, na ƙulle miki ayaba a takarda, na ce ki gaishe da mai jiki."

"Shi na kai wa."

Ta ci gaba.

"Na ce masa kin ce a ba shi haƙuri, ga wannan a madadinki. Tun kafin ya buɗe ya gane hannunki. Ya zauna a wancan gadon da kike tsaye kusa da shi, ya cinye ta da sanyinta, ko ɗaya bai miƙo min ba. Da abincin otal cike da ɗaki. Ki ce min ban biya bashin laifina ba."

Na dubi gadon. Fari fes, ba alamar kowa ya taɓa zama. Ita ta san gefen da ya zauna. Ta san kujerar da yake ja mata, ta san yadda hular aikinsa ke zama a kansa, ta ga ma'aikata na ce masa ranka ya daɗe a kicin. Ni abin da na sani benci ne da sabuwar rigar salla.

Na ce, "Asibiti fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin ce min nan take ne. Wanda ya mutu nan take ba a zama da shi a asibiti."

Ta zame daga jikin ƙofar ta zauna a kujerar gaban tebur.

"Bayan azahar aka kira ni. Ya kai asuba."

"Bayan azahar."

"E."

"Jirage na tashi har magariba, Kak."

"Na sani."

"Ina rumfa."

"Na gan ki. Kina dariya ke da mai 'ya'yan itacen gefenki."

Na tuna dariyar. Kare ne ya sace wa mutumin takalmi. Na yi dariya har da riƙe ciki, ɗana yana kwance a tsallaken ruwan da nake hange.

"Me ya sa?"

"Na ce bari in je in ga yadda yake, sai in kira ki. Wallahi niyyata ke nan. Wayar tana hannuna na shiga ɗakin."

"Sai me ya hana?"

Ta ɗora hannuwanta a kan tebur. Korar munduwarta ta zame zuwa tsintsiyar hannu.

"Ya buɗe ido. Ina riƙe da hannunsa. Ya dube ni ya ce, Mak ta iso?"

Na ji ɗakin ya yi nisa.

"Na ce ga ni nan, Nazri. Ya ce, na gan ki, Mak. Ɗayar nake tambaya. Mak ɗina ta Kuala Perlis."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Ba Mak Su ba?"

"Da Mak Su ya ce, da na kira ki." Muryarta ta karye. "Goshinsa naki. Dariyarsa taki. Abincin da yake so naki. Sunan nan kaɗai ne nawa ni ɗaya. A gabana ya raba shi biyu. Na dubi wayar na kasa dannawa. Na ce zuwa la'asar. Na ce zuwa magariba. Da na ɗago, jirgin ƙarshe ya tashi."

Zan faɗa muku abin da na ji, ku zage ni in kuna so. Ba tausayin ɗana ne ya fara zuwa ba. Ba fushi ba ne ma. Kishi ne, mai zafi. Kalmar da na jira tun yana tatata, ya faɗe ta sau ɗaya a duniya, kuma a kunnen Kak Yah ta shiga. Ita ta san yadda muryarsa ta fito da ita. Ko wannan ma ita aka ba.

Na ce, "Me kika ce masa?"

Ta kau da kai.

"Kak. Ya tambaya ko na iso. Me kika ce masa? Kin ce na ƙi zuwa, kamar kullum?"

"A'a."

"To me?"

"Na ce kina cikin jirgi."

"Sai ya ce me?"

"Ya yi murmushi. Ya ce, ashe ta daina tsoro." Ta goge hanci da bayan hannu. "Sai ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Duk wanda ya turo ƙofar sai ya ɗago. Bai ɗauke ido daga ƙofar nan ba har aka rufe masa su."

A waje mai usur ya sake busawa. Wata mata na kiran ɗanta ya fito daga ruwa.

Kak Yah ta ce, "Yanzu kin ji duka. Ki yi yadda za ki yi da ni."

Wuƙata na nan kan teburin inda na bar ta, tsakanina da ita. Na dubi wuƙar, na dubi munduwar hannunta, sakwa-sakwa, yatsa biyu za su wuce, balle bakin wuƙa.

Na ɗauka.

Na ce, "Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Na zura bakin wuƙar a ƙarƙashin munduwarta, na yanke.

Tawa munduwar, wadda Pak Derus ya ɗaura min, tana hannuna yanzu da nake rubutun nan. Ranar barin otal Liyana ta zo da almakashi za ta cire, na ɓoye hannun a bayana, ta ƙyale ni. Koren ya koɗe, mai ya fallatsa mata ya bar tabo, masu sayen ayaba na tambayata ko daga asibiti aka sallamo ni. Duk alwala sai in zura yatsa biyu a ƙarƙashinta, in ɗaga, ruwa ya wuce.